Tambaya da Amsa: Ina karanta labaran ban tsoro, amma dariya ake yi

Tambaya: Malam, daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Ringim. Ina fassara tsofaffin labaran ban tsoro na Turawa, in karanta in naɗa a waya don shirin fodkas, wato shirin murya da ake saurara ta intanet. Abokaina in sun saurara dariya suke yi. Ina gyaran yake? Kuma doka ta yarda?

Amsa: Ƙanena, ban ji muryarka ba, amma na san ciwon: kana riga mai sauraro jin tsoro. Ka kumbura murya, ka sa kururuwa, ka ƙara kukan kura. Tuna yadda kaka ke yi in ta zo kan Dodo bayan sallar isha'i. Ba ta ihu. Murya take saukarwa har yara su matso jikinta, sannan ta yi shiru.

Shirun nan shi ne jarinka. Ɗauki gajeren labarin da Edgar Allan Poe na Amurka ya fitar a 1843, na mutumin da ya kashe wani tsoho ya ɓoye gawar ƙarƙashin daɓen katako, yana ta rantsuwa shi lafiyarsa ƙalau. In ka karanta shi da muryar mahaukaci, ka kashe labarin tun daga bakin ƙofa. Karanta shi a natse, cikin ladabi, har da ɗan murmushi, mai sauraro ya gano da kansa cewa wannan bawan Allah ba ƙalau yake ba. Sai inda ya fara jin bugun zuciyar mamacin za ka ƙara sauri, kaɗan-kaɗan. Kafin jimlar da ta fi nauyi, ja numfashi ka ƙirga uku a zuci. Kuma kada ka mayar da labarin Ringim. Bar shi a ƙasarsu, ka yi bayanin gidan katako a jimla ɗaya ka wuce.

Wajen naɗi, ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano, don kwano amsa-kuwwa yake yi, ga ƙarar ruwa da damina. Jingina katifa a bango, rataya bargo a ƙofa, wayar ta yi nisan taƙi ɗaya daga bakinka, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buge ta. Jira mai injin niƙa da mai cajin waya su kashe janareta. Da hunturu ajiye ruwan ɗumi kusa, maƙogwaro na bushewa. Fitar da naɗin a MP3, ka saita ingancin sautin a 64kbps: minti 15 bai wuce kusan MB 7 ba, zai tafi a WhatsApp ko a tura shi memori ba kuka.

Batun doka, a Najeriya haƙƙin mallakar littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Poe ya mutu a 1849, Bram Stoker mai littafin ban tsoro na Dracula a 1912, don haka nasu hanya a buɗe take, matuƙar fassarar taka ce. Fassarar wani kuwa tana da nata haƙƙin. Haka littattafan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, sai da izini.

Wani abu kuma: in ka juyo kan labaran gida, na mayu da aljanun tsamiya, kada ka ambaci sunan ƙauye ko gida na gaske. Zargin maita ya sha jawo wa tsofaffi duka da kora, kuma muryar da ta shiga waya ba ka da ikon dawo da ita.