Kamarar kaka mai naɗewa, tana da sauran amfani?

TAMBAYA: Salam Malam, na tsinci wata tsohuwar kamara a akwatin marigayi kakana, an rubuta Agfa Isolette a jikinta, in ka danna sai gabanta ya fito kamar zugazugin maƙera. Dan Allah tana aiki kuwa? Daga ɗanka a Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah jiƙan kaka. Kai wallahi ka yi tsintuwa, ƙirar Jamus ce, kuma ba ruwanta da batir. Fim ɗinta shi ake kira 120, Kodak suka fito da shi tun 1901 kuma har yau ana yin sa, hoto 12 kawai zaka samu a naɗi ɗaya amma kowane faɗinsa kusan santimita 6 da 6 ne, ya ninka na ƙaramin fim 35 fiye da sau uku, shi yasa in ka ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Sarki har zaren rawani sai ka gani. Ga ta kuma in ka rufe sai ta shige aljihun babbar riga. Ni abin da ke burge ni kenan.

Amma fa duba zugazugin tukuna, na Isolette ya cika hujewa. Shiga ɗaki mai duhu ka buɗe bayanta ka haska tocila ciki, in haske ya ɓullo to sai an canza. Fim kuwa a firigo ake ajiye shi, zafin garin nan ba ya raga masa.