Hukuncin ma'aikaciyar jinya da ta ƙi karɓar ƙarin aikin dare saboda gajiya

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Abokan aikina sukan roƙe ni in riƙe musu aikin dare bayan na kammala nawa, kuma ban taɓa ƙi ba. Yanzu ƙarfina ya ƙare, har nishin majinyaci yakan ba ni haushi. Shin ina da zunubi idan na daina karɓa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Hukuncin ya rataya ne a kan cewarki "bayan na kammala nawa". Sa'o'in da aka ɗauke ki aiki a kansu wajibi ne ki cika su, babu saɓani. Abin da ya ƙaru kyautatawa ce, ba ki da zunubi idan kin bar shi, sai dai idan rai yana cikin haɗari kuma babu wanda zai tsaya a kansa sai ke, to a nan tsayawar ta hau kanki har wani ya karɓe ki.

Akwai masu cewa ma'aikacin lafiya ba ya da damar cewa a'a, suna kafa hujja da aya ta 9 a Suratul Hashri, wadda ta yabi Ansaru da fifita wasu a kan kansu. Ban yarda da wannan fahimta ba. Ayar yabo ce ga wanda ya bayar da haƙƙinsa na kansa, ba ta wajabta hakan ba, alhali ke idan kin shiga ɗakin majinyata ido cike da barci, natsuwar da za ki auna magani da ita ce ta ragu, kuma wannan natsuwar haƙƙin majinyaci ce. Annabi (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malaman fiƙihu kuma suka haɗa da yunwa mai tsanani da gyangyaɗi, domin illar ita ce gushewar natsuwa. Mai yi wa mutum allura ba ta gaza alƙali buƙatar hankalinta ba. Haka nan da Annabi (SAW) ya ga igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci don ta riƙe idan ta gaji da sallar dare, umarni ya bayar a kwance ta. Idan nafila ba a yarda a yi ta cikin galabaita ba, ta yaya za a ɗora wa mace aikin da ba nata ba har ta faɗi?

Haushin da kike ji shi ya fi damuna. Kada ki ɗauke shi raunin imani. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ambaci wannan ƙarewar ƙarfi a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, kuma jin zuciya ta yi nisa da aikin yana cikin alamominta. Ki sanar da shugabar sashenku a fili, tun da wuri, domin a gyara jadawalin aiki, kada ki ƙirƙiro ciwon ƙarya. Ki rage nafilar dare idan tana cinye barcinki, amma ki tsare farilla a kan lokacinta. Idan rashin barci ko ƙuncin zuciya ya ɗore, ki ga likita kamar yadda kike tura wasu. Allah ne mafi sani.