Amsar tambayarka akan amfilifayar da kakeso ka haɗa

Auwalu naga saƙonka. Kace wani ya tsorata ka wai sakit ɗin amfilifayar nan da muke kwafa daga tsohon bod yana da mai shi, wai akwai fatent akansa, in ka haɗa ka saida ma masu DJ ko masallaci za'a iya kamaka. Toh kwantar da hankalinka, ba wanda zai kamaka akan wannan, amma tunda ka tambaya bari in maka bayanin sosai don wanda ya gaya maka ɗin rabin magana yaji.

Fatent yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati. Kai ka fito da sirrin abinda ka ƙirƙira ka rubuta shi dalla-dalla da zane yadda duk mai sana'ar zai iya haɗawa, ita kuma gwamnati ta hana kowa yin kasuwanci dashi ba da izininka ba na wani lokaci, yanzu shekara 20 ne daga ranar da ka shigar da takarda, ko a nan Najeriya dokar 1970 haka tace. Wa'adin na cika shikenan ya zama na kowa. Kuma fatent ɗin Amurka a Amurka yake aiki, in mutum baizo yayi rajista a nan ba bashi da ta cewa a nan. Toh dabarun dake cikin bod ɗinmu wasu sun girmi kakanka ma.

Ɗauko bod ɗin ka duba da kyau. Daga inda wayar sipika ke fita akwai wata ƴar rezista da ta koma baya har gindin ɗaya daga cikin ƙananan turansista biyun nan na farko masu kallon juna, galibi 22k ce (wato ohm dubu 22), sannan daga nan wata 1k ta sauka ƙasa ta cikin kafasita. Yara da yawa in suna gyara basa ko kallonta don bata zafi bata ƙonewa, alhali ita ke riƙe da amfilifayar gaba ɗaya. Aikinta ta ɗebo kaɗan daga abinda ya fita ta maido shi baya a juye, sai sakit ɗin ya gwada abinda ya shigo da abinda ya fita ya gyara kuskurensa da kansa. Raba 22 da 1 ka ƙara ɗaya, kaga sau 23 kenan yake ƙara ƙarfin sigina, kuma zai tsaya a nan ko turansista sunyi zafi ko ka canza su da wasu. In ƙafar rezistar nan ta saki daga dalma, wutar DC ce zata tafi kai tsaye cikin sipika, kafin kace me kaji wari koyil ta tafi.

Wanda ya kawo wannan dabarar sunansa Harold Black, injiniya ne a Bell Labs na kamfanin tarho a Amurka. Matsalarsu lokacin itace layin tarho mai nisa, dole a jera amfilifaya da yawa a hanya kuma kowacce tana ɗan ɓata murya, wannan ta ɓata ta miƙa ma ta gaba itama ta ƙara nata, kafin magana ta isa ta zama shirme. Shekaru yana fama da abin, sai a watan Agusta 1927 yana cikin jirgin fito yana tsallaka kogin Hudson zashi aiki dabarar ta faɗo masa, ba takarda a hannunsa sai jaridar New York Times, akanta ya zana. Ya kai neman fatent 1928 ba'a bashi ba sai Disamba 1937. Shekara 9 fa! Ma'aikatan ofishin basu yarda abin zaiyi aiki ba, don kowa a lokacin ƙarin ƙarfi yake nema shi kuma yazo yana cewa a gina amfilifaya mai ƙarfi fiye da kima sannan a zubar da mafi yawan ƙarfin da gangan don a samu murya mai tsabta. Ni a wajena duk cikin masu ƙirƙirar fannin nan ba wanda muke cin arzikinsa kullum kamar mutumin nan. Lambar fatent ɗin US2102671, saka ta a Google Patents kyauta ne, turancin nada nauyi amma zanen zaka gane.

Su kuma turansista biyun masu kallon juna da na ce maka, Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila yayi fatent ɗin tsarin a 1936, da bawul, kwalbar gilas ɗin nan ta tsofaffin rediyo, yayi nashi don ba turansista lokacin, shine kuma mai fatent ɗin sitiriyo na 1931. TIP122 da kake sawa a inbata, turansista biyu ne a gida ɗaya, ɗaya na tura ɗaya, fatent ɗin Sidney Darlington ne na 1953. Duk sun daɗe da ƙarewa.

Amma kar ka ɗauka fatent wasa ne lokacin da yake da rai. Edwin Armstrong ya isheka misali. Buɗe tsohuwar rediyo ƴar hannu zakaga ƴan gwangwanaye masu kai rawaya da fari da baƙi waɗanda nake hanaka murɗawa da sukurdireba, na AM ne, an saita su ne akan mita 455kHz, na FM kuma 10.7MHz. Dabarar itace duk tashar da ka kamo, BBC ce ko DW ko Rediyon Kano, sai a fara maida ita mita ɗaya tsayayya sannan a tace a ƙara mata ƙarfi, shi yasa rediyo mai arha take iya ware tasha daga tasha. Armstrong ya haɗa wannan a 1918 yana soja a Faransa, kodayake wani Bafaranshe Lucien Lévy shima yayi da'awar nashi ne kuma ya samu gaskiya a wani ɓangare. Kafin nan yana da wani fatent na 1914 da suka shekara da shekaru suna shari'a da Lee de Forest akai, a 1934 kotun ƙolin Amurka ta ba de Forest gaskiya, injiniyoyi kuwa sukace alƙalai basu gane sakit ɗin ba, har Armstrong ya tashi zai maida lambar yabon da ƙungiyarsu ta bashi suka ƙi karɓa. FM ma nashi ne, 1933, ya maka kamfanin rediyo na RCA a kotu 1948, shari'ar ta cinye masa dukiya ya mutu 1954 ba'a gama ba, matarsa ce taci gaba har ta karɓi kuɗin daga baya. Kaga takarda kaɗai bata isa ba in wanda ya taka ka ya fika kuɗin lauya.

Wani abin mamaki kuma 555 ɗinnan da muke saye kamar gyaɗa, ƴar IC (sakit guda a cikin ƙwaya ɗaya) mai ƙidayar lokaci, Hans Camenzind ya zana ta ma kamfanin Signetics ta fito 1972 kuma basu mata fatent ba sam, nan da nan wasu kamfanoni suka kama yi, shi yasa zakaga NE555 kaga LM555 duk abu ɗaya. Shi kuwa Ray Dolby wayo yayi, dabararsa ta rage shuuu ɗin kaset bai tsaya haɗa rikoda da kansa ba, ya bar Japanawa su haɗa suna biyansa ɗan wani abu akan kowace ɗaya suna manna tambarinsa a gaba. Irin wannan lasisin ne ma ya tada Sony, dala 25,000 suka biya Western Electric don su samu izinin yin turansista.

Sabbin amfilifaya na kilas D irin masu IC ɗin TPA3116 zai iya yiwuwa akwai fatent mai rai a cikin IC ɗin, amma wannan ba ruwanka, in dai ta asali ka saya mai ita ya riga ya ci kuɗinsa a cinikin, ka haɗa abinka ka saida.

Inda zaka shiga uku shine suna. Ka haɗa akwatinka ka manna Yamaha ko Peavey a gaba don ya saidu da tsada, wannan alamar kasuwanci ce kuma ita bata mutuwa in dai suna sabuntawa, ga kuma ha'inci ne ko ba kotu, ni bazan yarda a fitar da irin wannan daga shagona ba. Sa sunanka da lambar wayarka, in yayi kyau kai za'a nema. Abinda ake mana da turansistar 2SC5200 kenan a kasuwa, an buga Toshiba a jiki amma ciki ba ita bace, a mita zata nuna maka lafiya lau, sai an ɗaga murya a wajen biki ta mutu taja abokiyarta 2SA1943 su tafi tare. In zaka sayi da yawa sayi guda ɗaya tukuna ka sa a bais (abin matse ƙarfe) ka fasa bayanta, ƴar silikon ɗin ta asali faffaɗa ce, ta jabu kuwa ƴar mitsitsiya ce wani lokacin ma da farin gam a kanta. In kaga haka ka canza shago, kuma duk wadda ka haɗa ka fara kunna ta da kwan fitila a layin wuta, ka auna DC a wajen sipika, in ya wuce 50mV kar ka jona sipikar mutane.