Na sayar da matattun batura, an zubar da ruwansu a kwata: ina da laifi?

Tambaya: Barista, kayan sola nake sayarwa a Kano. Matattun batura nakan sayar wa 'yan jari-bola, su kuma a bayan shagona suke fasa su, su cire dalma, su juye ruwan a kwata. Maƙwabcina ya ce rijiyarsa ta lalace, zai maka ni a kotu. Tunda na riga na sayar, ina ruwana?

Amsa: Alhaji, da ruwanka kuwa, kuma gara ka ji daga bakina kafin ka ji daga bakin alƙali. Ciniki ya faɗa, gaskiya ne, amma a filinka ake fasa baturan, da saninka, kana kallo. Doka ba ta tsaya kan wanda ya juye ruwan da hannunsa ba, takan haɗa har da wanda ya taimaka ko ya ba da wuri.

Dokar farko ita ce ta sharar guba ta 1988, wadda gwamnatin soja ta kafa bayan an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, a jihar Delta ta yau. Hukuncinta ɗaurin rai da rai ne, kuma ana iya ƙwace filin da aka yi ɓarnar a kai. Ta kuma ba wanda aka cutar damar neman diyya. Ba na zaton za a yi maka amfani da wannan babbar sanda, an fi tanadar ta ga manyan masu jibge guba. Wadda ta fi kusa da kai ita ce dokar 2007 ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli. Sashe na 27 ya hana zubar da abu mai guba a ƙasa, ko ruwa, ko iska, kuma mutum na iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyar, ko tara. A 2024 hukumar ta ƙara fitar da ƙa'idoji a kan batura kaɗai.

Abin da ya fi damuna ma ba kotun ba ne. Dalma ba ta ruɓewa. Tana zama a ƙasar da yara ke wasa, su taɓa, su sa hannu a baki. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, wasu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Don haka yau ɗin nan ka hana fasa batir a wurinka. Waɗanda suka rage ka jera su a tsaye a ƙarƙashin rumfa, kan daɓen siminti, inda ruwan sama ba zai same su ba. Ka nemi NESREA ta nuna maka masu karɓa da ke da rajista, duk wanda ka ba kaya ya ba ka rasit mai kwanan wata da yawan batura. Rasit ɗin nan shi ne shaidarka gobe.

Maƙwabcinka kuma kada ku yi cacar baki. Ku je gaban mai unguwa, ka ɗauki nauyin gwada ruwan rijiyar da jinin yaran gidan, su daina shan ruwan kafin sakamako ya fito. Kada ka sa hannu a takardar amsa laifi tukuna. In gwaji ya nuna dalma, ku yi sulhu a rubuce da shaidu, lauya ya duba, a fayyace kuɗin magani, da kwashe gurɓatacciyar ƙasar, da inda za su riƙa samun ruwan sha.