Bahago da bindiga mai liba: wace ƙota ce za ta zauna masa a kafaɗa?

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: "Malam, ina aikin bin sawu a wani sansanin farauta mai lasisi a yankin Faro, takarduna kuma cikakku ne. Ni bahago ne. Bindigar da ke hannuna Marlin 336 ce mai liba, ƙotarta ta tsage a wuya, kuma dama ba ta taɓa yi mini daɗi a kunci ba. Wace iri zan nema a madadinta?"

Ɗan'uwa, ka yi sa'ar bindiga. A cikin bindigogin farauta, mai liba ce ta fi yi wa bahago adalci, domin libar, wato ƙarfen da ake ja ƙasa a mayar don fitar da kwanson harsashin da aka harba a shigar da sabo, a ƙasa take, a tsakiya, ba ruwanta da hannun da ya ja ta. Saboda haka kada ka wahalar da kanka da neman wata "ƙotar bahagwai". Wadda ba ta da ɓangare kake nema, wato dama da hagunta duk ɗaya, sannan a daidaita ta da jikinka.

Ina zargin abin da ke cin kuncinka tun farko shi ne tudun nan da ake sassaƙawa a gefen ƙota don ɗora kumatu. Na masu hannun dama a gefen hagu yake. Kai kuwa kuncinka na hagu a gefen dama na ƙotar yake sauka, inda babu komai sai kaifin itace, shi ya sa kowane harbi sai ka ji shi a ƙashin fuska. Akwai kuma ƙotar da ake ɗan karkatar da gindinta zuwa dama don ta dace da kafaɗar dama. Kafin ka biya kuɗi, cire harsashi duka, ka dubi ƙotar ta baya, ka bi layinta da ido har bakin bindiga. In ka ga ta kauce dama, ko maƙamar tana da kumburi gefe guda don tafin hannu, bar wa mai ita.

Ga wurin da mutane ke asarar kuɗi. Marlin 336, wadda aka fara yi a 1948, tana zuwa iri biyu: mai miƙaƙƙen wuya da mai lanƙwasasshiyar maƙama. Ba a musanya su haka kawai, don libar da ƙarfen da ke ƙarƙashin wuyan ma an lanƙwasa su ne daidai da siffar itacen. In taka mai lanƙwasa ce, sayi mai lanƙwasa. Ni dai na fi son miƙaƙƙiya, hannu ya fi sakewa wajen jan liba, amma wannan son raina ne, bai kai a canza ƙarfe saboda shi ba.

Tsawo shi ne babban al'amari. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, yawancin waɗannan bindigogi suna fitowa da kusan inci 13 da rabi, wajen santimita 34. Ka manta da tsohon awon nan na kafa gindin bindiga a gwiwar hannu, kintace ne kawai. Ka sa rigar da kake shiga daji da ita, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗar hagu kamar yadda za ka yi in dabba ta ɓullo, sannan ka buɗe. In idonka ya faɗa kan saiti ba tare da ka miƙa wuya ko ka danne kunci ba, bisan ƙotar inda kunci ke sauka ya yi daidai. Tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan ƙotar ya kamata a samu faɗin yatsu biyu. Daga nan ja libar har ƙarshe, gindin yana nan a kafaɗa. In sai ka sauke bindigar kafin libar ta kai, ƙotar ta yi maka tsawo. A mai liba gara ta ɗan gaza da ta wuce, gajeruwa ana ƙara mata roba a gindi. Robar ma ka sa ta ko yaya. Gindin ƙarfe mai siffar jinjirin wata yana da kyan gani a hoto, amma a kafaɗar da riga ɗaya ce a kanta a zafin Maris, azaba ne.

Tun da na ambaci ido: ka tabbata idon hagun ne ke jagora. Nuna wani abu mai nisa da yatsa idanu biyu a buɗe, ka rufe na dama. In yatsan bai gusa ba, na hagu ne shugaba, ka ci gaba da harbi ta hagu.

Abin da ƙota ba za ta gyara ba shi ne mafitar kwanso. Marlin ta gefen dama take tofar da shi, sai ya gifta gaban fuskarka, don haka ka riƙa sa tabarau. Winchester 1894, ƙirar John Browning, tsofaffinta ta sama suke jefarwa, abin da ya sa bahagwai da yawa ke ƙaunarsu. A gefe guda kuma ƙofar ɗura harsashi tana dama, wannan riba ce gare ka: hagu na riƙe da wuyan bindiga, dama na ɗurawa.

Batun itace kuma, hunturunmu yana busar da katako ya tsuke, damina ta kumbura shi, a wuya tsagar ke fara fitowa kamar yadda ka gani. Ƙotar roba mai tauri ko ta katako mai falle-falle da aka manne ta fi jure wannan. In kafinta zai sassaƙa maka, ka ba shi tsohuwar ya kwaikwayi mahaɗarta, itacen ya zama busasshe sosai, zarensa ya bi tsawon wuyan. Maɗaci zai yi, kirya ta cika nauyi ga mai yini yana bin sawu. Kada a matse sukurun wuya fiye da kima, kuma kada man bindiga ya riƙa zurarowa cikin itacen, yana laushe shi. Idan ka shafa mai, jingine ta baki ƙasa.