An ce in biya kuɗi a baje hotunana a Paris

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Garwa ta Kamaru, shekara uku ina ɗaukar hoton biki da suna, amma inda zuciyata take shi ne hotunan masunta a bakin Binuwai, na tara sama da ɗari biyu. Ban san inda zan nuna su ba, kuma ina son ƙaro karatu, ina da bak, wato shaidar kammala sakandare. Ga wani ya same ni ta Facebook, ya ce zai baje su a Paris, har da takardar gayyata ta neman biza, in na tura kuɗin rajista ta Orange Money kafin ƙarshen wata. Har na fara tunanin sayar da babur ɗina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, mayar da makullin babur aljihu tukuna.

Wannan zance da ya cika bakin matasa, wai sai ka biya ake rataya maka hoto, kuma wai takardar gayyata ita ce biza, shi ke cinye jarin masu kyamara. Wurin baje koli na gaskiya shi ke zaɓen aiki, in an sayar ya cire kasonsa. Bikin hotuna na Bamako, da ake yi tun 1994, kwamiti ne ke tantancewa. Shiga gasar World Press Photo kyauta ce. To wane ne wannan da bai ga hotonka a takarda ba, amma ya san ranar da kuɗinka za su makara?

Masu irin wannan tayin iri biyu ne. Na farko ɓarawo ne tsantsa: yau rajista, gobe inshora, jibi kwastan ta riƙe kaya, daga nan lambar ta mutu. Na biyu yana da shago da gaske, hayar bango yake ba duk mai kuɗi na mako guda, kuma masu zaɓen aiki sun san irin waɗannan shaguna, ganin sunansu a takardarka ba ya ƙara maka ko sisi. Abin da ya fi asarar babur ciwo shi ne ka kai takardar bogi ofishin jakadanci. Ƙin da za a yi maka yana zama a rumbun bayanan bizar Schengen, wato ta ƙasashen Turai, shekara biyar, ranar da makaranta ta gaskiya ta karɓe ka, shi zai fara gaishe ka. Wasu ma ba kuɗin suke so ba, shafin fasfo ɗinka da asalin fayil ɗin hotunan suke nema. Kada ka tura ko ɗaya.

E, akwai gasa ta gaskiya mai karɓar ɗan kuɗin shiga, amma a shafinta ake biya, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin komai. Tambayi mutumin Facebook ɗin sunayen waɗanda suka baje bara, da yarjejeniya a rubuce, da asusun banki mai sunan gidan. Za ka ga mutum ya koma yi maka faɗa kan rashin yarda.

Bangonka na farko yana Garwa. Je Alliance Française, cibiyar al'adu da koyar da Faransanci, da dosiye a hannu, wato kundin aikinka: hoto 12 zuwa 15 kan masuntan kaɗai, kada ka cusa amarya a ciki don ta yi kyau, da rabin shafi na bayani da Faransanci, da girman kowane hoto da lissafin kuɗin bugu. Su kan tsara shirinsu da wuri, don haka nemi lokaci watanni gaba. In babu gurbi, zauren makaranta ko falon otal ya isa, muddin ka ɗauki hoton bangon da jama'a a gabansa. Da wannan shaida ake tunkarar Institut français a Yawunde, Duwala ko Njamena, da doual'art, cibiyar fasaha ta Duwala da ke aiki tun 1991.

Wajen bugu ake faɗuwa. Hoto mai santimita 30 da 40 yana son fiksel kusan 3,500 da 4,700 in ana son ya fita tas. Wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, zai fashe, kai fayil ɗin a filasha. Buga guda ɗaya na gwaji, domin fuskar waya tana da haske, a takarda fuskar masunci mai duhu sai ta nutse. Zaɓi takarda marar sheƙi, kada ka rufe ta da gilashi, domin gilashi yana mayar da hasken taga, ga ƙurar hunturu tana shiga bayansa. Tsakiyar hoto ya tsaya kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Kuma koma bakin kogi ka nemi yardar mutanen kafin ka rataya fuskarsu, ka gayyace su ranar buɗewa.

Karatu kuwa, da bak ɗinka kana iya zana jarrabawar shiga cibiyar fasaha ta Fumban, ƙarƙashin Jami'ar Dschang, ko ta Nkongsamba, ƙarƙashin Jami'ar Duwala, sai dai fasaha ce gaba ɗaya, hoto wani ɓangare ne. Mai son hoto zalla ya duba Market Photo Workshop a Johannesburg, da David Goldblatt ya kafa a 1989, amma da Turanci ake koyarwa. Makarantar hoto ta Arles a Faransa ba ta ɗauka daga bak kai tsaye, sai ka yi wasu shekaru a jami'a, sannan ka ci gasar shiga. Hanyar Faransa ta Campus France take bi, hukumar da ke kula da masu neman karatu a can, da kanka za ka buɗe dosiye, ba ta hannun dillali ba. Ko ina ka nufa, hotunan za su fara dubawa, don haka zauna yau ka rage ɗari biyun nan zuwa talatin, ka ajiye su mako guda, sannan ka sake ragewa zuwa goma sha biyar.