Yatsun ɗana sun kumbura bayan ɗori

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya karye a gwiwar hannu, mai ɗori ya ɗaure da karare, yanzu yatsunsa sun kumbura, sun yi sanyi. Allah ya ba shi lafiya.

Don Allah kada a kwana a gida. Alama ce jini ba ya isa yatsun, kuma naman hannu kan mutu cikin 'yan sa'o'i. A sassauta ɗaurin yanzu, kada a murza ko a ja hannun, a garzaya asibiti, Asibitin Ƙashi na Dala in kuna Kano. Za a ɗauki hoto, don irin wannan karayar a yara sau da yawa sai likita ya daidaita ƙashin ya riƙe shi da siraran ƙarafa. Kada ya ci abinci tukuna, ko da za a yi tiyata.